Wasiƙa daga Ingila: Abin da Ƙarin Hanji Ke Ɓoyewa

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina gajiya, ya iyali? Mu nan sai godiya, sai fama da sanyi.

Tambaya ɗaya ke ta zuwa mini ta WhatsApp: yaya mutum biyu za su kamu da sankarar babban hanji, likita ya ce duka mataki na biyu ne, a yi musu tiyata iri ɗaya, ɗaya ya warke, ɗayan kuma cutar ta dawo masa? Aikinmu ke nan a ɗakin bincike. Na so in haɗa da batun abinci da tsadar magani, amma bari mu fara da wannan.

Ƙwayoyin gadon ɗan Adam sun kusa 20,000, sai dai ba duka ke aiki lokaci guda ba, wasu a kunne, wasu a kashe. Abin da muke aunawa a jikin ƙarin ke nan. A 2015 masu bincike suka raba wannan sankara gida huɗu bisa haka, kuma na huɗun, CMS4, ya fi saurin dawowa bayan tiyata. A 2016 aka nuna cewa idan ƙwayar gadon da ake kira CDX2 ta yi shiru a ƙarin mataki na biyu, haɗarin ya fi yawa. Girman ƙari kaɗai ba ya faɗin halinsa.

To amma kafin in taɓa ɗan naman ƙarin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai takardu sun kusa ƙure ni. Sa hannun maras lafiya, amincewar kwamiti, lambar da ke ɓoye sunansa, rajistar firjin da aka ajiye shi, har da sa'ar da aka ciro shi. Dokar Ingila ta 2004 kan amfani da naman jikin ɗan Adam ce ta tsaurara hakan. Ranar da yatsuna suka ƙage don sanyi ina cike fom, raina yakan ɓaci sosai. Amma albarkacin takardun nan, naman da aka daskarar cikin kakin farafin shekara goma baya ana iya ciro shi yau a sake gwadawa.

A gida kuwa sau da yawa ana miƙa wa dangi naman a kwalba su kai gwaji, wasu su ga kuɗin ya yi yawa su haƙura. Don Allah a daure a kai, a kuma adana sakamakon. Binciken da aka yi da majinyatan Ile-Ife a 2021 ya gano nau'in sankarar da ake kira MSI, wato wanda ƙarin ke kasa gyara kurakuran ƙwayoyin gadonsa, ya fi yawa a cikinsu fiye da na Amurka, kuma shi ne nau'in da maganin tayar da garkuwar jiki, irin su pembrolizumab, ya fi yi wa aiki.

Nan daga shekara 50 gwamnati ke aiko wa mutum ƴar kwalbar gwajin bayan gida ta gidan waya, duk shekara biyu. Wanda ya ga jini a bayan gidansa kada ya tsaya kan maganin basir, ya je a duba shi. Abinci da tsadar magani sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.

A gaida mutanen gida.