Tocila ga wanda ba shi da ɗaki, abin da aikin rabo ya koya mini a Yamai

A damanar 2020 na shiga aikin wanga, lokacin da kogin Isa, wato kogin Kwara, ya cika har ya kai mita 7 a Yamai cikin watan Satumba, ruwa ya ci gidaje a Lamorde da Karaje da Kirkisoye, mutane sunka kwashi abin da hannu zai iya ɗauka sunka koma azuzuwan lakwal, wasu kuma ƙarƙashin tanti. 'Yar ƙungiyarmu asalinta fada ce ta shan shayi, sai munka fara haɗa kuɗi muna kai tabarmi da gidan sauro da sabulu, daga baya munka ƙara da masu kwana bakin kasuwa da tasha. Ni anka ba sayen kaya don na taɓa zaman butiki a Tawa, kuma cikin duk kayan nan babu wanda ya koya mini darasi kamar tocila.

Karon farko na je Babbar Kasuwa na zaɓo irin manyan nan masu caji, masu walƙiya, in ka kunna har bangon can nesa kake gani, zuciyata fes don ina ganin na sayo musu abu mai daraja. Bayan kwana goma munka koma, mafi yawansu ba su kamawa. Wata tsohuwa a Harobanda ta jawo tata daga ƙarƙashin tabarma ta miƙo mini ta ce, ɗana, wagga fitilar taka mi take ci? Na ce kuran ne Inna, ana sa mata caji. Ta dubi tantin da take ciki ta ce to wanda ba shi da bango ina zai ga kuran? Wallahi maganar nan har yau tana raina. Wajen masu cajin salula a lokacin dala ashirin ake biya, kuma sai ka bar abinka can awa uku ko huɗu ka dawo, dala ashirin ɗin nan kuwa kokon safe ne na jikokinta. Tun ranar, kafin in tambayi mai kaya nawa ne, sai na fara tambayar kaina mi abin nan zai ci gobe, kuma mai shi zai iya ciyar da shi? A watan Agusta na 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har masu gida da mita sunka gane abin da Inna take nufi, wuta ba ta dawo yadda take ba sai cikin Maris na 2024.

Sai munka koma ga mai pil, wato batirin da ake canzawa in ya mutu, kuma ko nan akwai zaɓi. Wadda ta fi yi mana ita ce mai cin pil AA, matsakaicin nan da ake sa ma rediyo ƙarami, guda ɗaya ko biyu, don babu mai tebur ɗin da ba ya saida shi, daga kasuwar Katako har ƙauye. Akwai wasu 'yan kyawawa masu cin AAA guda uku cikin wani ɗan gida na roba, su na daina saye, pil bibbiyu ake saidawa sai mutum ya sayi huɗu don ya samu uku, AAA kuma ƙarfin da ke cikinsa bai kai rabin na AA ba alhali kuɗinsu kusan ɗaya, ga ɗan gidan robar in ya karye shi kenan an yi asarar tocila gaba ɗaya. Masu manyan pil irin na da suna daɗewa amma nauyi gare su, ba su shiga aljihu.

Wanda na hana kwata-kwata shi ne mai ƙaramin pil kamar maɓallin riga, irin na 'yan fitilun makulli. Suna da arha sosai shi ya sa suke jan hankali in kuɗi ya yi kaɗan, amma inda muke kai kaya yara ne cike, masu rarrafe, komi sunka samu baki. Pil ɗin nan in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu kacal, ga iyali babu kuɗin taksi zuwa asibiti da tsakar dare. Arhar da za ta kai yaro likita ba mu so.

Masu caji ma akwai abin da na gano daga baya wanda ya tsorata ni. Batirin lithium da ke cikinsu, wanda ake ce ma 18650, na kirki ba ya wuce wajen 3500 mAh, wato ma'aunin cajin da yake riƙewa, amma a jikin waɗanda na sayo an rubuta 9900, wato tun daga rubutun ƙarya ce, to wanda ya yi ƙarya a lamba mi zai hana shi cire abin kariya na ciki? Ga zafinmu, Afrilu da Mayu Yamai tana wuce digiri 40 cikin inuwa, balle ƙarƙashin tanti ko kwano da rana tsaka. Na ga guda da idona ta kumbura har murfin baya ya ƙi rufuwa, mai ita kuma yana kwana da ita ƙarƙashin kai. Na karɓe ta nan take na ba shi wata. Mu da muke raba tocila don mutane su bar kunna kyandir kusa da zana da leda, bai kamata mu kai musu wata wutar ba.

Pil ɗin arha shi ma da nashi hali, in ya mutu anka bar shi ciki yana zubar da wani ruwa mai barin farin gari, ya cinye ƙarfen ciki. Yanzu wajen rabo muna tsayawa mu nuna, in haske ya yi ja ka cire, kada ka cije shi da haƙori ko ka shanya a rana wai ya farfaɗo, kada a jefa cikin wuta, kada a haɗa sabo da tsoho. Minti biyu ne bayanin amma yana ƙara ma tocila watanni.

Batun haske kuwa wani bawan Allah ne mai dako, yana kwana ƙofar wani butiki wajen Katako, ya gyara mini tunani. Na kunna mishi mai ƙarfin nan ina jiran ya yi murna sai ya sa hannu ya rufe bakinta da sauri, ya ce Malam kashe, kana so gardi ya tashe ni? Ashe wanda ke kwana a wurin da ba nashi ba, ba ya son a san yana nan, abin da yake so ɗan haske ne da zai duba tabarma ko akwai kunama, ya ga inda zai taka in zai kewaya, ya nemo takalminsa da asuba. Hasken lumen 10 zuwa 20 (lumen shi ne ma'aunin ƙarfin haske) ya isa wannan, kuma a haka pil mai kyau yana yin awoyi da yawa har ya kwana da kwanaki, mai ƙarfin nan kuwa awa ɗaya ko biyu ta shanye shi. Masu yanayi biyar ɗin nan da sai ka latsa ka latsa ta yi ta ƙyaftawa kafin ta mutu, tsoho mai raunin ido ba ya buƙatarsu, maɓalli guda, kunna da kashewa, iyaka mai ƙarfi da marar ƙarfi.

Shi ne kuma ya ce mini abu mai ƙyalli ba ya kwana hannun talakan titi, ko a sace yana barci ko yunwa ta sa ya saida, kuma ni ban ga laifin wanda ya saida tocila ya ci abinci ba. Don haka muke neman marar kwalliya, ta roba, baƙa ko shuɗiya, wadda ɓarawo zai gani ya wuce, mu ɗaura mata igiya mutum ya rataya a wuya cikin riga.

Mata su ne sunka fi kowa buƙata kuma su ne ba su cika magana ba in maza na wurin, sai da 'yan'uwanmu mata na ƙungiya sunka zauna da su munka ji. Zuwa makewayi da dare a wurin da baƙi sunka cakuɗe ba ƙaramin abu ba ne. Mai goyo ta fi son ta ɗaurawa a goshi don hannunta biyu su samu, matsalarta robar tana saki da zufa, amma sun iya gyara ta da ƙyalle. Mai cin rana, sola, tana da kyau ƙwarai ga iyalin da ke zaune wuri ɗaya inda akwai mai tsaronta tana shan rana, ga mai yawon dako ko bara kam ba ta yi, wa zai bar ma ita? Mai murɗawa da hannu mun gwada, haƙoran robar ciki ba su jure ƙura da hannun yara.

Yanzu ba ni sayen kwali sai na sayi guda na kai gida. In sake ta daga ƙugu ta faɗi kan siminti sau uku, in yayyafa mata ruwa da buta, in sa sabon pil in bar ta kunne tun bayan isha'i in ga yadda za ta kai asuba. Masu kaya wasu suna jin haushi, wasu kuma sun saba har su kan ce mini wagga ba ta aikinku ba ce Alhaji, ɗauki waccan. Kuɗin ma mun raba shi, kusan rabi na pil ne, kuma mun ce duk wanda ya kawo matattu guda biyu a ba shi sababbi, ta haka ba su watsuwa inda yara ke wasa.

Mai dakon nan na Katako yana cikin masu zuwa canji. Ran Juma'ar da ta wuce bayan an sauko masallaci ya same ni, ya zaro tocilar daga wuyan riga, igiyar ta yi baƙi ƙirin, gilashin ya tsage ya liƙe shi da salatif, ya kwance matattun pil biyu daga bakin rawaninsa ya ajiye mini kan benci. Ya ce akwai wani yaro sabon zuwa daga wajen Konni da ke kwana kusa da shi, ba shi da komi, in akwai saura a ajiye mishi guda, irin tashi dai, kada a kawo mai ƙyalli.