Robar da muka tono kusa da filin Sixfields

Shekara huɗu ke nan ina bin titin Walter Tull Way a nan Northampton ta Ingila, ta gefen filin ƙwallon Sixfields, ban taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba. Ɗana mai shekara tara ne ya sa na sani, ranar Asabar da ta wuce.

Abokansa na makaranta suka koya masa wani wasa da ake kira Geocaching. Wani zai ɓoye 'yar roba ko gwangwani a wani lungu, ya saka lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi taswirar waya har ka gano. Idan ka samu, ka rubuta sunanka a ɗan littafin da ke ciki, ka mayar yadda ka tarar. A jihar Oregon ta Amurka aka fara shi a watan Mayun 2000. Wanda yaron ya zaɓa mana, sai ka amsa tambayoyi kan rayuwar Tull kafin lambobin su cika. Daren Juma'a muka zauna kan tabarma muna bincike, har tuwo ya huce.

An haifi Tull a Folkestone a 1888. Mahaifinsa kafinta ne daga tsibirin Barbados, mahaifiyarsa Baturiya. Bai kai shekara goma ba duk suka rasu, ya tashi a gidan marayu a Landan. Ya buga wa Tottenham a 1909, kuma a wani wasa a Bristol 'yan kallo suka yi ta zaginsa saboda launin fatarsa. A 1911 Herbert Chapman, kocin ƙungiyar garin nan a lokacin, ya kawo shi Northampton, ya buga wa ƙungiyar wasa sama da ɗari. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914 ya ajiye takalmin ƙwallo ya shiga bataliyar 'yan ƙwallo. A 1917 aka ba shi muƙamin hafsa, a zamanin da littafin dokar soja ke cewa hafsa sai tsantsar jinin Turawa. Ranar 25 ga Maris 1918 harsashi ya same shi a arewacin Faransa. Yana da shekara 29.

A nan yaron ya ɗago kai. "Baba, ina kabarinsa?"

Na ce babu. Ba a samo gawarsa ba, sunansa kawai aka sassaƙa a bangon tunawa na Arras tare da dubban irinsa. Ya yi shiru, ni ma na rasa abin ƙarawa. Mu da muka saba kai namu makwanci da hannunmu, wannan magana tana da nauyi.

Da safe muka fita cikin yayyafi. Mun fara tsayawa gaban dutsen tunawa da aka kafa masa bakin filin a 1999, sannan waya ta ja mu wajen wani shinge. Kusan minti arba'in muna ɗaga jiƙaƙƙen ganye, yatsu sun ƙage da sanyi. Shi ya hango ta, 'yar robar abinci an naɗe ta da baƙin salatif, an cusa ta a kogon kututture. Ciki akwai guntun fensir, jan furen takarda irin wanda mutanen nan suke maƙalawa a ƙirji duk Nuwamba don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, da littafi wanda danshi ya kumbura shafukansa. Sunaye birjik, wasu da rubutun yara, wani ma ya zana ƙwallo.

Ya durƙusa ya ɗora littafin a gwiwa, ya rubuta sunansa da kwanan wata. Sai ya tambaye ni ko laifi ne ya ƙara wani abu da Hausa. Na ce rubuta. Ya sa "Mun gode, Walter", harafin W ɗin ya karkace saboda rawar hannu. Ya rufe robar gam, ya mayar da ita, ya jawo ganye ya lulluɓe.

A mota ya ce, "Baba, ko Mama ta tambaya, kar ka faɗa mata wurin. Sai ta zo ta nema da kanta."