Mutanen tsibirin Lost ba matattu ba ne

Tun watan Mayun 2010 aka kammala shirin Lost, amma har gobe in ka ambace shi a majalisa sai wani ya yi caraf ya ce, "Ai wannan duk matattu ne tun farko." Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗan yayata, wanda ko makarantar firamare bai shiga ba lokacin da ake nuna shirin. Na ba shi shawarar ya nema ya kalla, sai ya ce min, "Kawu, me zai sa in ƙona data a kan zango shida, tunda an ce duk mutuwa suka yi a hatsarin jirgin?" Wato maganar ta riga shirin isa kunnensa. Kuma maganar ba gaskiya ba ce. Shirin da kansa ya ƙaryata ta, ba sau ɗaya ba.

Ga wanda bai sani ba, tashar ABC ta Amurka ce ta fara nuna shi ranar 22 ga Satumba, 2004, aka yi zango shida, kashi 121. Jirgin Oceanic mai lamba 815 ya taso daga Sidni ta Ostareliya zai tafi Los Anjalis da mutum 324, ya karye a sama, ya faɗo wani tsibiri da babu shi a taswira. Mutum 48 suka tsira a ɓangaren tsakiyar jirgin. Tun daren farko suka ji wani abu yana tumɓuke bishiyoyi a dawa, wanda daga baya aka ga wani baƙin hayaƙi ne mai kashe mutane. Suka harbe farin beyar, irin na ƙasar ƙanƙara, a tsibirin da zafi kamar ya kashe mutum. Suka kamo muryar wata Bafaranshiya a rediyo tana neman agaji, saƙon yana ta maimaita kansa shekara 16.

Mu a Jos ba mu kalle shi mako-mako kamar Amurkawa ba. Faifan DVD muke saye a Taminus, irin wanda ake cusa zango guda a faifai ɗaya, hoton duk ya dusashe, wani lokaci kashin da ka fi matsuwa da shi ne zai maƙale. Faifai ɗaya kan zaga gida biyar a layinmu na Anguwar Rogo kafin ya dawo hannun mai shi. Da daddare kuma sai a hallara wurin mai shayi, kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi, ya rungume kofinsa da hannu biyu, a buɗe musu. Bayan rikicin Nuwamban 2008, da aka sa dokar hana fita, zaman ya koma cikin falo, da ƙaramin janareto yana kuka a tsakar gida. A wannan zaman dolen ne da yawanmu suka sake bin shirin tun daga farko, suna tsayar da hoto don duba abin da ke rubuce a bango ko a jikin takarda.

Dole a yi wa masu cewa matattu ne adalci, don ruwa ba ya tsami banza. John Locke ya shekara huɗu a keken guragu, yana faɗowa tsibirin ya miƙe da ƙafarsa. Rose tana da ciwon daji, ya bar ta. Jack ya riƙa hango mahaifinsa tsaye cikin kwat, alhali gawar uban ce ya ɗauko a jirgin. Ga shi kusan kowa da nauyin da yake ɗauke da shi: Kate ta kashe mahaifinta, Sawyer ɗan damfara ne da ya harbe wanda ba shi yake nema ba, Sayid ya azabtar da fursunoni lokacin yana sojan Iraƙi. Akwai wani dattijo mai sayar da yadi da ke zama da mu, shi ya fara cewa, "Samari, ku daina wahalar da kanku, waɗannan a barzahu suke, hisabi ake musu ɗaya bayan ɗaya." Wani abokin karatuna ɗan Katolika daga Bukuru shi ma abin da ya gani ke nan ta fuskar addininsa. Da aka zo zango na uku, wata mata mai suna Naomi ta diro tsibirin da lema, ta ce musu an gano jirginsu a ƙarƙashin teku kuma babu wanda ya rayu. Ranar da muka kalli wannan, dattijon nan tsit ya yi yana murmushi, ya san ya ci musu.

Sai dai bai ci ba. A ƙarshen wannan zangon aka nuna Jack da Kate a Los Anjalis, bayan sun bar tsibirin. Mutum shida suka fita a idon duniya: Jack, Kate, Hurley, Sayid, Sun da jariri Aaron, wanda a tsibirin ma aka haife shi. Suka yi shekara uku a gari, an gurfanar da Kate a kotu, Sun ta haifi 'yarta a Koriya, Sayid ya yi aure. Tarkacen da aka ce an gano a teku kuwa na bogi ne, attajirin nan Charles Widmore ne ya sa aka nutsar da wani jirgi da gawarwaki don duniya ta daina nema, kuma ya faɗa da bakinsa a zango na biyar. An ma bayyana dalilin faɗuwar jirgin tun ƙarshen zango na biyu. Desmond, mutumin da ke zaune a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, aikinsa ya shigar da lambobi a kwamfuta duk minti 108 don sauke ƙarfin maganaɗisun da ke taruwa a wurin. Ranar da ya makara, maganaɗisun ya fizgo jirgin. Wannan bayani ne na duniyar masu rai, da sababi da sakamako.

To daga ina ruɗanin ya samo asali? Daga zango na shida. A nan aka riƙa nuna wata rayuwa ta daban, wadda jirgin ya sauka lafiya, Jack yana da ɗa, Sawyer ɗan sanda ne. A kashin ƙarshe aka gane cewa wannan ɓangaren, shi kaɗai, bayan mutuwa ne: wurin da suka jira juna, har suka taru a wani coci kafin su wuce. Mahaifin Jack ya faɗa masa ƙarara cewa duk abin da ya same shi ya faru da gaske, kuma waɗanda ke cikin cocin wasu sun riga shi mutuwa, wasu sun daɗe a bayansa. Hurley da Ben, tsohon shugaban mutanen da aka tarar a tsibirin, su ma sun yi wa juna godiya a ƙofar cocin kan zaman da suka yi suna kula da tsibirin, zaman da ya zo bayan mutuwar Jack. Jack ɗin kuma yana kwance cikin gora rai a hannun Allah ya ga jirgin da ya ɗauki Kate, Sawyer, Claire da sauransu ya wuce ta samansa. Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne hotunan da aka sa lokacin da sunaye ke wucewa: tarkacen jirgi a bakin teku, babu kowa. Tashar ce ta ƙara su, ba marubutan ba, amma mutane da dama suka ɗauka ana nufin ba wanda ya taɓa tsira.

Abin da ke ɓata min rai da wannan hasashe shi ne yana kashe duk sauran. In ka ce matattu ne, to babu sauran tambaya. Beyar? Barzahu. Hayaƙi? Barzahu. Kamar mai gyaran rediyo ne da duk abin da ka kawo masa sai ya ce batir ne. Alhali daɗin shirin yana wurin hasashen da kan tilasta maka komawa baya ka duba.

Ɗauki lambobin nan: 4, 8, 15, 16, 23, 42. Da su Hurley ya ci caca, su ne a jikin murfin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su Desmond ke shigarwa, kuma in ka tara su 108 za su ba ka. Wani malamin lissafi a majalisarmu ya cika bayan littafi yana neman ƙa'idar da ta haɗa su, wani ya ce wurin da tsibirin yake a taswira ne. A zango na shida aka nuna su rubuce a bangon kogo, kowace da suna a gefenta, sunayen waɗanda Jacob, mai tsaron tsibirin, ya ware don ɗaya ya gaje shi: 4 Locke, 8 Hurley, 15 Sawyer, 16 Sayid, 23 Jack, 42 kuma Kwon, wato Jin ko Sun. Haka ƙwarangwal biyun da aka tsinta a kogo tun zango na farko, da farin dutse da baƙi a jikinsu. Mun rantse Rose ce da mijinta Bernard, musamman da aka fara tafiya baya cikin zamani. Ashe ɗan'uwan Jacob ne da matar da ta raine su. Hasashen bai faɗa daidai ba, amma ya sa mun riƙe wannan kogon a rai shekara da shekaru.

Wanda na fi so duka shi ne na jirgin Najeriya. Duk ɗan ƙasar nan da ya kalli shirin ya gyara zama ranar da Mista Eko ya bayyana, wanda Adewale Akinnuoye-Agbaje ya fito a matsayinsa. Eko tun yana yaro 'yan bindiga suka zo garinsu suka miƙa wa ƙaninsa Yemi bindiga ya harbe wani tsoho, sai Eko ya karɓe ya yi harbin don ya tsare ƙanin. Suka tafi da shi, ya girma ya zama ƙasurgumin mai safarar ƙwaya, Yemi kuma ya zama fada a coci. Daga baya Eko ya shirya fitar da hiroyin cikin mutum-mutumin Maryama a wani ƙaramin jirgi, sojoji suka buɗe wuta a filin, harsashi ya sami Yemi, jirgin ya tashi da shi ya bar Eko a ƙasa. Wannan jirgin ne aka tsinta a tsibirin, da gawar Yemi a ciki. Duk da a Hawai aka ɗauki wuraren da aka ce Najeriya ce, kuma kana gani ka san ba ƙasarmu ba ce, labarin 'yan'uwan biyu ya taɓa ni ƙwarai.

Tambayar ita ce, ta yaya ƙaramin jirgi mai farfela, wanda mansa ba zai kai shi ko'ina mai nisa ba, ya tashi daga Najeriya ya faɗi a tekun Fasifik? Ga abin da na tsaya a kai. A zango na huɗu an nuna Charlotte ta tono ƙasusuwan farin beyar a hamadar Tunisiya, da abin wuya mai tambarin Dharma, ƙungiyar da ta yi bincike a tsibirin. Da Ben ya juya wata dabaran da ke ƙarƙashin ƙasa don ya gusar da tsibirin, a hamadar Tunisiya ya farka. Locke ma da ya juya ta, can ya faɗo. Ke nan akwai ƙofa tsakanin tsibirin da Sahara. Jirgin da ya tashi daga Najeriya ya nufi arewa da kayan da kasuwarsu ke Turai, ta samaniyar hamadar nan zai bi. Ina ganin ta nan tsibirin ya haɗiye shi. Ba a faɗi haka a shirin ba, hasashe ne, amma kowane tubalinsa abu ne da aka nuna da ido.

Ina da aboki da ya yi karatu a makarantar koyon fim ta nan Jos, shi duk wannan dariya yake ba shi. Ya kan ce, "Malam, kana neman tsari a inda babu. Suna tafe suna ƙirƙira ne." Kuma yana da hujja. Michael Emerson, wanda ya fito a matsayin Ben, kashi kaɗan aka ɗauke shi ya yi, da ya burge sai Ben ya zama ginshiƙin labari. An kashe Nikki da Paulo saboda masu kallo ba sa son su. Walt, yaron da aka yi ta nuna yana da wata baiwa, ɗan wasan ya yi saurin girma fiye da kwanakin labarin, aka fitar da shi. Eko kansa hayaƙin ya kashe shi a farkon zango na uku ne saboda ɗan wasan ya nemi tafiya. Sai a 2007 aka tsayar da cewa za a gama a 2010. Mu ma mun ga irin haka a gida, lokacin da Nafisa Abdullahi, 'yar garin nan, ta bar Labarina aka ba Fati Washa matsayin Sumayya, duk lissafin da masu kallo suka yi ta yi a Facebook ya sauya hanya.

Na yarda da shi cewa ba komai aka tsara tun farko ba. Amma dubi abin da suka yi da tafiyar Eko. Hayaƙin ya zo masa a siffar Yemi ya ce ya yi iƙirarin zunubansa. Eko ya durƙusa, ya ce ba zai nemi gafarar abin da ya yi don ceton ƙaninsa ba, rayuwar da aka ba shi ke nan kuma ya yi iya ƙoƙarinsa da ita. Nan take aka kashe shi. Sai a ƙarshen shirin muka gane cewa hayaƙin mutum yake nema mai rauni a zuciya da zai juya, ya same shi a Locke, sannan ya yi amfani da Ben ya kashe Jacob. Ya gwada Eko ya ga ba ya juyuwa. Ko da gangan aka dasa wannan ko daga baya ya dace, ya zauna daram. In kuwa Eko matacce ne tun farko, to me hayaƙin ya kashe?

In musu ake so na gaske, ga inda ya kamata a yi shi: Sayid. Tun yana yaro yake son Nadia. Shi ya kuɓutar da ita daga kurkuku a Iraƙi, ya shekara da shekaru yana nemanta, neman nata ne ma ya sa shi hawa jirgin 815. Da ya fita daga tsibirin ya aure ta, mota ta buge ta a gabansa, kuma mutuwarta ce ta mai da shi makashi a hannun Ben. Amma a cocin ƙarshe sai aka zaunar da shi kusa da Shannon, wadda saninsu da juna bai kai wata biyu ba kafin a harbe ta. Abokina na makarantar fim ya ce wurin na mutanen tsibirin ne kawai, shi ya sa. To Penny matar Desmond ba ta taɓa taka tsibirin ba, ga ta zaune a cocin kusa da mijinta. In an sama wa Penny kujera, babu dalilin hana Nadia, kuma a nan marubutan sun zalunci Sayid.