Gyadar Daura tsakanin fayil da bakin tsofaffi

Shekarar farko ta digiri na biyu ba ta da wani bambanci da karatun da aka saba: lacca, semina, jarrabawa. A shekara ta biyu ake sallamar 'yan rakiya, lokacin da za a amince da batunka a ce je ka nemo abin da ba a rubuta ba. Ni tarihi na karanta, ina kuma koyarwa a wata sakandare a Daura, don haka rabin karatun a motar Daura zuwa Katsina na yi shi, da littafi a cinya.

Batun da na fara kai wa malamin da ke duba aikina shi ne tarihin tattalin arzikin masarautar Daura a zamanin Turawa. Ya karanta shafin farko, ya cire tabarau ya ce, "Malam, wannan ai aikin mutum biyar ne. Mene ne Daura ta sayar ta biya haraji?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, gyada." Ya ce to a nan zan tsaya. Muka yanke farfajiyar binciken daga 1934 zuwa 1975, kuma kowane ƙarshe da dalilinsa. A 1934 aka kafa Lardin Katsina aka haɗa masarautun Katsina da Daura a cikinsa. A 1975 kuwa cutar nan da ƙwarin darɓa ke yaɗawa, mai ƙanƙance ganyen gyada, ta faɗa wa gonakin Arewa, bayan farin farkon shekarun 1970 ya riga ya karya manoma. Daga nan gyada ba ta sake komawa matsayinta ba.

Bitar ayyukan da suka gabata ba ta ba ni wahala ba, domin ƙasar Katsina ta yi sa'ar masu bincike. Yusufu Bala Usman ya yi digirinsa na uku a kan Katsina kafin zuwan Turawa, M. G. Smith ya yi littafi guda a kan sarautar Daura wanda ya fito a 1978, Polly Hill kuma ta zauna a Batagarawa ta rubuta yadda manomi ke noma da ci da bashi. Amfanin karanta su shi ne ka ga inda suka tsaya. Sarakuna da masu sarauta an rubuta su, manomin kusa da birnin Katsina an rubuta shi. Mutumin da ya ɗora buhu a kan jaki daga wani ƙauyen Zango ko Ɓaure ya kai shi gaban sikeli, shi ne ban gani ba.

Daga nan sai Kaduna, ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da kuma Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi. Ga abin da zan so duk mai bincike a kan Daura ya sani kafin ya biya kuɗin mota: takardun mulkin mallaka lardi-lardi aka jera su, ba masarauta-masarauta ba. Kafin 1934 Daura tana ƙarƙashin Lardin Kano, saboda haka tsofaffin rahotanninta a cikin fayilolin Kano suke, na baya kuma a cikin na Katsina. Akwai kuma na sakatariyar lardunan Arewa, inda manyan shawarwari suke. Wanda ya nemi Daura a jerin Katsina kaɗai zai dawo yana cewa babu komai. Ka kuma rubuta lambar kowane fayil da takensa da shekararsa a lokacin da yake hannunka. Hoton shafin da ba ka san fayil ɗin da ya fito ba, ko da ya kai zinariya daraja, ba ya shiga kundi.

Fayil yana da daɗin aiki. Ba ya gajiya, ba ya zuwa jana'iza, ba ya tambayarka ɗan gidan wane ne kai. Rahoton Di'o, wato jami'in mulki na gunduma, zai gaya maka yadda damina ta kasance, tan nawa aka saya, ko haraji ya shigo baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, a kan kari, da halin da hanyar Daura zuwa Kano ta Kazaure take ciki. Tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, can gyadar wannan yanki ke nufa a wancan zamani, a jera buhunanta a yi dalar gyada kafin a kwashe ta zuwa Ikko. Daga 1949 hukumar cinikin gyada ta gwamnati ce ke yanke farashi, ta ba wakilai lasisin saye, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa. Duk wannan yana nan a rubuce, da tsabta. Amma sannu a hankali na gane cewa wanda ya rubuta fayil tambaya biyu ce ke damunsa: nawa aka fitar, nawa aka tara. Manomi a wurinsa adadi ne.

Hira da mutane wata duniya ce. Ba a shiga ƙauye da takardar jami'a kawai. Takardar tana kai ka wurin hakimi, hakimi ya haɗa ka da mai gari, mai gari ya sa a tara maka dattawa a zaure. Wannan ladabi ne da ba a tsallakewa, amma kada ka ɗauka taron zauren shi ne binciken. A gaban mai gari kowa labari ɗaya yake bayarwa: da can akwai albarka, gyada ta yi kuɗi, sarki adali ne. Wasu ma sun ɗauka sunayen masu karɓar tallafi nake rubutawa, sai da na yi ta bayani cewa ni ɗalibi ne, ba ni da ko buhun taki. Taron zaure amfaninsa ɗaya ne: a nan za ka lura da tsohon da ya yi shiru yana murmushi lokacin da ake yabon zamanin da. Shi za ka bi gida bayan la'asar, da ɗan goronka.

Irin wannan tsohon ne, wanda ya yi yaron sikeli yana saurayi, ya buɗe mini aikin. Na tambaye shi farashin da hukuma ta yanke, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan farashin Kano ne da rediyo. Mu nan farashin shi ne abin da ya rage bayan an cire na buhu, an cire na ƙasa da tsakuwa, an cire bashin da mutum ya ci da damina." Na ce, "Baba, bashin wa?" Ya ce na ɗan baranda mana. A watan da rumbu ya ƙare, manomi zai karɓi kuɗi ko hatsi da alkawarin gyada in kaka ta yi. Kaka na yi, ga mai bashi, ga mai karɓar haraji, duka a lokaci ɗaya. Wanda ke cikin wannan hali ba ya jayayya da sikeli. Babin da ya fi kowane ƙarfi a kundina daga wannan hira ya tsiro, ko da yake sai da na ji irin maganar daga bakin manoma a garuruwa daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, kafin na yarda in rubuta ta. Bakin mutum ɗaya labari ne, ba hujja ba, komai daɗin maganarsa.

Matsalar tsofaffi ita ce shekara. Ba wanda zai ce maka a 1968 aka yi kaza. Sai na tsara wa kaina jadawalin abubuwan da kowa ya shaida: kisan Sardauna a Janairun 1966, rasuwar Sarkin Daura Abdurrahman da naɗin Muhammadu Bashar a wannan shekarar, komawa tuƙi a hannun dama a 1972, canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. In mutum ya ba ni labari, sai in ce, "Lokacin an canza kuɗi ko tukuna?" Ko da bai tuna ba, kuɗin da ya ambata yakan tona shekarar: wanda ya ce an biya shi da sule, kafin 1973 yake magana, sai dai a yi hattara, don mutanenmu sun daɗe suna kiran kwabo goma sule bayan canjin. Da wannan dabarar na iya ɗora maganar baki a kan rahoton shekara-shekara in ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Akwai kuma rabin labarin da namiji baƙo ba ya kaiwa gare shi. Ba duk gyada ke zuwa sikeli ba. Mata suna saye da mudu, su soya, su daka, su matse mai, su yi ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Fayil kusan bai san da su ba, sai dai in ya yi ƙorafin cewa gyada na zurarewa ba ta isa hannun wakilai. Ƙanwata ce ta shiga gidaje a madadina da na'urar ɗaukar murya, bayan mun zauna mun bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wata tsohuwa ta ce mata, "'Yata, da kuɗin man nan na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki, maigida bai san yadda aka yi ba." Duk wanda zai yi bincike a ƙasar Hausa ba tare da mace a cikin aikin ba, ya sani rabin gari ya ji. Sunan ƙanwata yana cikin godiya, kuma a babin hanyoyin gudanar da bincike na faɗi ƙarara waɗanne hirarraki ita ta yi.

Game da na'ura, ban taɓa kunna ta ba sai da izini, kuma wanda ya ce a sakaya sunansa na sakaya. Maganar bashi da ha'incin awo ta shafi iyayen mutanen da ke raye, wasu ma masu faɗa a ji ne a garin. Rubuta hirar a takarda kuwa shi ne aikin da ba wanda ya gargaɗe ni a kansa: hirar awa ɗaya tana iya cinye yini. Gara a rubuta ta a daren da aka yi ta, tun kana tuna wanda ya sa baki daga gefe da abin da aka nuna da hannu.

Abin da ya fi ƙarfina shi ne iyaka. Daura da Matamaye da Damagaram kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja layi tsakanin Nijeriya da Nijar, kuma dattawa sun sha gaya mini cewa gyada takan bi inda farashi ya fi, wata shekara ta tsallaka can, wata shekara ta tsallako nan. Na so in ji daga bakin mutanen can, sai aka rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. A tsakani ga korona, ga yajin aikin malaman jami'o'i da ya cinye kusan duk 2020. Na koma ga 'yan kasuwar Nijar da nake samu a Mai'aduwa da Kwangwalam, na kuma rubuta a kundin cewa abin da na faɗa game da tsallaken iyaka daga wannan gefen aka gan shi. A ganina wannan ya fi mutunci a kan cika shafi da abin da ba ka je ka gani ba, ko kuma, kamar yadda wasu ke yi, ka biya wani a shagon kwamfuta ya haɗa maka babi. Irin wannan babin tambaya ɗaya ke rusa shi ranar kare kundi.

Malamina ba mai yawan magana ba ne, jan biro ne ke yi masa magana. Babi yakan daɗe a wurinsa, don ba ni kaɗai yake dubawa ba, ga lacca ga taron sashe. Na koyi kai masa babi a buge, da 'yar takarda a sama mai ɗauke da tambayoyi biyu ko uku da nake son amsarsu, in kuma ci gaba da babi na gaba maimakon zaman jira. Inda muka fi daɗewa muna ja shi ne wuraren da fayil da tsofaffi suka saɓa. Akwai shekarun da rahoto ya kira su na albarka saboda an sayi gyada da yawa, dattawa kuwa suna tuna su da ƙuncin abinci. Ni na so in zaɓi ɗaya in bi. Shi ya ce in ajiye su gefe da gefe in nemi dalilin saɓanin. Dalilin bai ɓuya ba: gonar da aka cika da gyada an rage mata gero, wanda kuma bashi ya sa ya sayar da komai da kaka, shi ne zai sayi hatsi da tsada da bazara. Dukansu gaskiya suka faɗa, kowa abin da ya auna.

A ranar kare kundi, mai jarrabawa na waje a nan ya tsaya. Ya ce ta yaya zan amince da ƙwaƙwalwar ɗan shekara tamanin a kan takardar da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban fifita ta a kan takardar ba. Takardar tan ta ƙirga, shi kuma abin da ya shiga tukunyarsa yake faɗi." Ya jinjina kai, sannan ya ba ni gyare-gyare shafi biyu. Mafi nauyinsu shi ne in tsara jadawalin duk waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da sana'arsu da gari da ranar hira, in kuma nuna a kowace da'awa ko baki nawa suka faɗe ta. Wannan ya sa na sake bin kowace hira daga farko, kuma da'awa biyu da na tarar a bakin mutum ɗaya kaɗai suka tsaya, na cire su kafin a kai kundin ɗauri.