Abin da zoben wata ya koya mini a Ailan

A hutun shekarata ta farko ta karatun noma a Ailan, na kama aiki a gonar wani dattijo a gundumar Mayo, can gaɓar Tekun Atlantika. Wata rana da daddare na nuna masa wayata, na ce gobe garau ne, mu yanke ciyawa mu shanya. Ya ɗaga kai ya dubi wata, wani farin zobe ya kewaye shi. Ya ce, "Ɗana, bar ciyawar nan a tsaye." Na yi shiru, amma a zuci na ce camfin tsofaffi. Kafin la'asar washegari ruwa ya tsuge.

Kunya ce ta kai ni wurin malaminmu. Ashe siririn gajimare ne mai ƙwayoyin ƙanƙara yake karya hasken wata ya yi zoben, kuma shi ke riga hadarin da ke tasowa daga teku isowa. Haka tsattsewa: in ta yi ƙasa-ƙasa sukan ce ruwa na tafe, don ƙwarin da take ci ne suka sauko. Kunkunniya kuwa, in ruwa ya kusa, danshi take sha, sai ta riƙa zubowa daga bututun murhu. Daga 1937 zuwa 1939 'yan firamare sama da 50,000 sun bi tsofaffinsu suna rubuta al'adun ƙasar, kuma irin waɗannan alamu sun cika littattafan da suka rubuta.

To, daga nan sai na zarme. Duk abin da dattijon ya faɗa na ɗauke shi karatu. Mutanen can suna cewa in an yi ruwa ranar 15 ga Yuli, ranar Waliyyi Swithin, sai an jera kwana 40 ana yi. Na sa wannan cikin aikin da na miƙa, malamin ya ja jan biro a ƙarƙashinsa ya rubuta: ina hujja? Gaskiyarsa. Zoben wata labarin gobe yake bayarwa, kuma akwai dalilin da za a taɓa. Na kwana 40 ba shi da ko ɗaya.

Da na kai wa dattijon ƙara, dariya ya yi. Ashe shi ma bai taɓa ɗaga yankan ciyawa don Swithin ba. Kullum da yamma yana sauraron hasashen Met Éireann, hukumar yanayi ta Ailan, a rediyo, sannan ya fita ƙofar gida ya dubi yamma. Na ba shi labarin shamuwarmu, wadda zuwanta ke sa manomi ya fara wasa fartanya. Ya tambaye ni ko ta taɓa yin ƙarya. Na ce takan yi sammako dai.