Kafin Ka Kai wa Mai Kuka Aya

Ranar Lahadi bayan sujadar Hausa a nan Agege, na ga wani yaro daga zumuntar matasa ya tare wani ɗan'uwa a bakin ƙofa, waya a hannu, yana karanta masa Ibraniyawa 12:6, cewa wanda Ubangiji yake ƙauna shi yake horo. Tun da aka hana acaba a wasu ƙananan hukumomin Legas a 2022 aka ƙwace babur ɗin mutumin nan, har yau bai farfaɗo ba, ga matarsa a kwance. Yaron kuwa cewa yake, "Kawu, ka binciki kanka, akwai abin da Allah yake tsauta maka a kai." Gabana ya faɗi, domin ni ma na taɓa faɗin haka.

Ranar 27 ga Janairu 2002, ita ma Lahadi, ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja ta kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi. Jama'a suka watse a guje, da yawa suka afka cikin magudanar ruwan Oke-Afa da ciyayi suka rufe. Fiye da mutum 1,000 suka mutu, yawancinsu a ruwan nan, ga yara birjik. Cikinsu har da 'yar wata mata a ikilisiyarmu. Lokacin ni nake koyar da Littafi, jinina na tafasa, ina ganin babu tambayar da ba ni da amsarta. Na je gaisuwa, na san mijin yana sha kuma ya daina zuwa sujada, sai na buɗe Ayuba 5:17, inda aka ce mai albarka ne wanda Allah ya tsauta wa. Na ce mata kira ne ga gidansu. Ta ce, "Na gode, malam." Bayan 'yan watanni ta koma gida arewa, ban sake ganinta ba.

Ba da mugunta na yi ba. Ita ce ta tambaye ni me ya sa, ni kuma haka aka koya mana, kuma ayar tana nan, ba ƙirƙirarta na yi ba. Shan mijin ma ba ƙarya ba ne. Da wannan na riƙa lallashin kaina shekaru, wani lokaci har yau. Sai wani tsohon fasto ya ce da ni, "Ɗana, wa ya faɗi maganar da ka karanta mata?" Elifaz ne, abokin Ayuba. A Ayuba 42:7 Allah ya ce da wannan Elifaz ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya game da shi ba kamar bawansa Ayuba. Su ma abokan nan sai da suka zauna da Ayuba cikin wahalarsa kwana bakwai ba su ce uffan ba. Ni ko ruwan da aka kawo mini ban sha ba na fara wa'azi.

Da na duba Luka 13, da na ga Yesu ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. A Yahaya 9 ma, kan wanda aka haifa makaho, ya ce ba zunubinsa ba ne, ba na iyayensa ba.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, 'ya'yana, amma kaɗan ne suka rage. In kun je gidan makoki ko asibiti, ku rufe bakinku. Ku ɗebo ruwa, ku riƙe yara, ku sa hannu a aljihu. Ibraniyawa 12 kuwa, kowa ya karanta wa kansa a tasa wahalar. Ba sanda ba ce ta dukan wanda ya riga ya faɗi.

Ban ce ku ga zunubi ku kau da kai ba. Wannan ma cutar zamaninku ce, kowa na tsoron a ce ya yi wa wani shari'a. Da Sarki Dawuda ya yi zina da matar wani, annabi Natan ya dube shi ya ce kai ne mutumin, kuma jaririn da aka haifa ya mutu, ba zan ɓoye muku wannan ba. Amma Natan aiko shi aka yi, ya kuma san laifin da sunansa. Kai wa ya aiko ka? Ka tsinci aya guda a WhatsApp, ba ka san surar da ta fito ba balle wanda ya faɗe ta, ka zama annabi. Littafin Ayuba sura 42 ne kacal, ba za ku iya zama ku gama shi ba, amma ku kwana kuna kallon ƙwallo. Nazarin Littafi yana nan ranar Laraba da yamma, kuma kada wanda ya ce mini cunkoson motoci ne ya hana shi.