Gogen Baffa ya hana ni barci

Ƙarfe ɗaya saura na dare, na yi ta juyi a kan katifa har na haƙura na tashi zaune.

Ranar ta fara lafiya lau. Ruwa ya zo a famfo tun asuba, na cika duro biyu, na gama wanki kafin rana ta yi zafi. Kasuwar Sabon Gari da hantsi, tattasai ya yi tsada, na haɗa da busasshe. Da la'asar Yaya da Anti suka iso da yara. Gwaggo kuwa tun Alhamis tana nan saboda ƙafarta.

Auta ne ya kawo maganar fim. Sati biyu ke nan yana bi na da Sinners, na Ryan Coogler wanda ya yi Black Panther, wai tun da ya fito a watan Afrilun 2025 kowa ya gani sai ni. Bayan isha, da yara suka yi barci, muka shimfiɗa tabarma a falo, Anti ta soya gyaɗa, Auta ya riƙe rimot don ya riƙa turawa gaba a wuraren da ba a kallo tare da manya. Ni aka naɗa tafintar Gwaggo.

Labarin a 1932 yake, a garin Clarksdale na jihar Misisipi a Amurka. Tagwaye ne, Smoke da Stack, Michael B. Jordan ya fito a duka biyun, sun dawo gida daga Chicago da kuɗi, suka sayi tsohon gidan yankan katako a hannun wani Bature don su buɗe wa baƙaƙen fata 'yan'uwansu gidan rawa. Mutanen duk masu tsinkar auduga ne a gonakin da ba nasu ba, har wasu suka zo biyan kuɗin abin sha da 'yan kwabban da mai gona ke biyansu da su, waɗanda ba sa kasuwa sai a shagonsa. Gwaggo ta girgiza kai a nan, ta ce wannan ai bauta ce aka sake wa riga.

Yaya kuwa tun kafin a yi rabin awa ya fara duba waya. "Kai Auta, ina masu shan jinin? Ka ce fim ɗin tsoro ne, ga shi sai sayen kifi da hira ake yi." Ra'ayinsa bai canza ba har ƙarshe: an ɓata masa kusan awa guda kafin a shiga abin da ya zo gani. Anti ta ce ita wannan awar ce ta fi so, don da ba ta san mutanen ba, da mutuwarsu ba za ta dame ta ba. Ina bayan Anti. Annie ce ta tafi da ita, matar Smoke mai haɗa magunguna, wadda ta ɗaura wa mijinta wani ƙunshi a wuya kamar laya. Da Auta ya ce Wunmi Mosaku da ta fito a matsayin Annie a nan Zariya aka haife ta kafin a tafi da ita Ingila tana jaririya, Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ashe 'yar gida ce, shi ya sa ta fi su hankali."

Mun yi dariya sosai da aka zo maganar ko mayu ne. Gwaggo ta dage mayu ne. Auta ya ce a'a, maye kurwa yake kamawa, waɗannan jini suke sha, rana tana ƙona su, tafarnuwa tana korarsu, kuma ba sa iya shiga gida sai wani na ciki ya ce su shigo. Ta ce to ai sun fi wasu mutanen ladabi, tunda suna jiran a amsa musu sallama.

Sai aka zo wurin da Sammie ya ɗauki jitarsa. Yaro ne ɗan fasto, ubansa ya yi masa gargaɗi a kan kiɗa tun da safe. Yana fara waƙa sai ɗakin ya cika da waɗanda ba sa nan: makaɗan ganguna na Afirka ta Yamma da masu rawarsu, da mawaƙan zamanin da bai zo ba tukuna, duk a fili ɗaya, rufin yana ci da wuta ba wanda ya damu. Na daina fassara. Ban ma san na daina ba sai da Gwaggo ta taɓa ni. Tsigar jikina ta tashi, kuma ba don tsoro ba. Can waje a cikin duhu Remmick yana tsaye, mai shan jinin nan ɗan ƙasar Ayalan, yana saurare.

Da fim ya ƙare Auta ya kunna fitila yana tambayar kowa maki nawa zai ba shi. Gwaggo tana naɗe gyalenta ta ce, a hankali, ba da faɗa ba: "To kun gani. Har su can sun san kiɗa ne ke kiran Shaiɗan. Abin da Malam ya yi ta faɗa wa Baffanku ke nan."

Na ce, "Gwaggo, ai ba abin da fim ɗin ya ce ba ke nan."

Ta ce, "Wa ya kira su, in ba yaron nan da molonsa ba?"

Na ce mata ba waƙa ce ta buɗe ƙofa ba, Grace ce, matar mai shago, don an yi mata barazana da 'yarta. Na ce kuma Baturen da ya sayar da gidan ɗan ƙungiyar Ku Klux Klan ne, ta Turawa masu ƙin baƙar fata, tun farko ya shirya zuwa da mutanensa da safe su kashe kowa, ko an yi kiɗa ko ba a yi ba. Ta dube ni ta ce, "Ke yarinya ce." Yaya ya yi mini ido, na yi shiru. Aka yi sai da safe.

Abin da ke cina shi ne ba zan iya cewa Gwaggo ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Fim ɗin da kansa tun a buɗewa ya ce akwai masu baiwar kiɗan da ke warkar da jama'arsu, kuma wannan baiwar tana jawo mugun abu. Mu ma mun san da garaya da goge ake kiran iskoki a wasan bori, ba sabon labari ba ne a ƙasar Hausa. Amma Remmick bai zo don kiɗan mummuna ne ba. Ya zo ne don yana so ya mallake shi. An raba shi da ƙasar ubansa da mutanensa, yana son muryar Sammie ta dawo masa da su. Ɓarawo ba ya haura katangar kango. Wannan nake so in faɗa mata, sai bayan ta shiga ɗaki kalmomin suka zo mini.

Kuma ba a kan fim nake jayayya ba, na sani.

Ina da shekara takwas ko tara lokacin da Baffa ke zama da ni a bayan gidanmu, gindin dalbejiya, in Malam, mahaifinsa, ya tafi masallaci. Gogensa rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki. Kafin ya fara sai ya ciro ɗan dunƙulen ƙaro daga aljihu ya goga a jikin bakan, yana hura ƙurar. Ba ya ɗaga sauti. Yakan sunkuyar da kai har kunnensa ya kusa taɓa ƙwaryar, kamar shi ma saurare yake yi. Ban taɓa ganin aljani ya zo ba. Abin da na gani shi ne mutumin da ba ya magana a tsakar gida yana magana. Ranar da Malam ya dawo da wuri ban ji abin da aka faɗa a zaure ba, na dai ga Baffa ya fito ba goge a hannunsa. Ya yi sauran rayuwarsa yana ɗinki a bakin tasha, mutumin kirki, kowa ya shaida. A wurin ta'aziyyarsa ba wanda ya ambaci kiɗa ko sau ɗaya.

A ƙarshen fim Sammie ya shiga cocin ubansa jina-jina, riƙe da karyayyen wuyan jitar, uban yana roƙonsa ya yar. Bai yar ba. Sai aka nuna shi a 1992, tsoho, yana kiɗa a Chicago, kuma Buddy Guy ne ya fito a matsayinsa, mawaƙi na gaske da aka haifa a 1936. A nan na juya fuskata ga bango don kada Auta ya gani. Malam ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, tsoron Allah ne da son ɗansa suka sa shi. Gwaggo ma na san tana son ƙaninta, ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Duk da haka zuciyata ta ƙi kwanciya da yadda ta ambace shi yau, a matsayin misali.

Ɗazu na ɗauki waya na haska ɗakin ajiya. Gogen yana nan a saman tsohuwar kwabar Kaka, cikin buhu. Fatar ta yage ta gefe ɗaya, tsirkiya babu. Na dawo da shi ɗakina na ajiye a ƙarƙashin gado. Gobe in na kai wa Gwaggo ruwan zafin gasa ƙafa, zan tambaye ta wa ya ɓoye shi a can, don na san Malam cewa ya yi a ƙona.